Dawar Malam Mahmuda

Shekara arba'in da bakwai Gogo Batula ta yi ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Kada wani ya yi saurin zaginta, ba ƙiyayya ba ce. Haka ta taso ta tarar a danginsu, Fulanin da suka daɗe da jingine sanda suka rungumi fartanya a gefen Wurma: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta ma tsayawa a inda ake yabonsa. Fulatancin ya tafi, shanun sun koma guda uku, amma wannan alkunya tana nan daram. Duk gari Malam Mahmuda ake cewa. Ita kuwa sai dai "wancan", in ranta ya yi fari ƙwarai ta ce "yaron nan".

Mahmuda malamin kimiyya ne a wata firamare a Kurfi, kuma mutum ne mai surutun tsiya. In ya dawo ya jingine babur, ya yi la'asar, sai ya baje a gindin bedin tsakar gida ya kama ba matarsa Hafiza labarin mutanen da suka gano abubuwa a duniya. Yau labarin wani limamin coci ne da ya shekara takwas yana ƙirga 'ya'yan wake a lambu har ya gano yadda ɗa ke gadon iyayensa, ya mutu ba wanda ya kula da shi. Gobe na wani likita ne da ya ce a riƙa wanke hannu kafin a karɓi haihuwa, 'yan'uwansa likitoci suka yi masa ca, ya ƙare a gidan mahaukata. Gogo tana bayan zana tana ɓarar gyaɗa, ta yi kamar kunnenta na wani gari. In ya yi yawa sai ta ja tsaki ta ce wa Hafiza, "Ki ce wa wancan ya rage mana hayaniya." Amma babu labari ɗaya da ya wuce ta, sunayen Turawan ne kawai ba su zauna mata ba.

To, akwai ƙuduji. Duk wanda ya noma dawa a ƙasar Kurfi ya san wannan la'ananniyar ciyawa mai jan fure. Tana laƙe wa saiwar dawa ta ƙarƙashin ƙasa tana tsotse ta, kafin ka ga furen an riga an gama da kai. Wata shekara ta cinye musu gona tas, karan ya tsaya iya gwiwa ya yi ja. A tsakiyar wannan asara Mahmuda ya tarar da kara ɗaya tak ya miƙe ya fid da zangarniya cikakka, ga ƙuduji zagaye da shi amma bai kama shi ba. Wani da sai ya ce ikon Allah ya wuce. Shi kuwa ya ce ikon Allah, ya yanke zangarniyar ya rataye a ɗakinsa.

Shekara goma sha uku ya yi a kan wannan abu. Ya ware wani ɓangare na gonar inda ƙudujin ya fi ƙarfi, nan yake shuka irin. Lokacin bununi sai ya rufe zangarniyoyi da jakar takarda don kada iska ta gauraya masa su, ya ɗebo garin furen wannan ya kai wa waccan da hannunsa. Ya cika littafi goma sha ɗaya da rubutu. Masu wucewa kasuwa suna tsayawa su yi dariya har da riƙe ciki, wai malamin makaranta ya sa wa dawa hula. Gogo ma ta ce boko ne ya taɓa shi. Amma da ta ga ruwan sama yana narkar da takardun, sai ta yayyaga tsohon zanenta mai ruwan bula ta ɗinka jakunkuna arba'in, ta ajiye a bakin ƙofarsa da sassafe. Bai ce ya gani ba, ba ta ce ita ce ba. Kuma duk akuyar da ta kuskura ta leƙa wannan ɓangaren gonar, hannun Gogo ta haɗu da shi.

A shekara ta goma sha uku dawar ta tsaya. A gonar da ba a samun dami biyar aka ɗaure ashirin da shida. Maƙwabta uku da ya ɗiba wa irin su ma suka ga abin da idonsu. Masu dariya suka fara zuwa da ƙwarya suna sunkuyar da kai.

Nan Dakta Yazid ya shigo. Tare suka yi sakandare da Mahmuda, kuma tuwon Gogo da ya ci a lokacin Allah kaɗai ya san iyakarsa. Shi ya ci gaba da karatu, ya zama shugaban ofishin wata ƙungiyar bunƙasa noma a Dutsin-Ma, da mota da direba da tumbi. Mahmuda da ƙafarsa ya kai masa littattafan nan da buhun iri, har da ɗaya daga cikin jakunkunan, ya ce ya taimaka a yi wa dawar rajista a hukumance don ta isa ko'ina. Yazid ya rungume shi, har da ƙwalla. Bayan wata biyu hawan jini ya kayar da Mahmuda a gaban allo. Aka dawo da shi gida ɓarin dama a shanye, baki a karkace, magana ta ɗauke. Hannun rubutun ne ya mutu, amma kunne da hankali suna nan garau.

Ba a yi kaka ba Hafiza ta ji a rediyo ana hira da Dakta Yazid a kan sabon irin dawa da ya gano bayan shekara goma sha uku yana bincike. Ko adadin shekarun bai canza ba, ka ji ƙarfin hali! Ta fito da kuka ta faɗa wa Gogo. Gogo ta ce, "Ki share hawayenki, Yazidu ɗan gida ne, ƙila bakin mai rediyo ne ya kuskure." Amma ranar tuwo bai wuce mata ba. Wani abokin aikin Mahmuda ya rubuta takarda zuwa ga masu rajistar iri ya ce akwai magana. Su kuma suka turo wata farfesa daga kudu ta zo ta gani da idonta, ta ji da kunnenta, kafin a sa suna a takarda. Mace ce mai gaskiya, sai dai ko "sannu" ba ta ji da Hausa.

Yazid ne ya zaɓi ranar zuwa, ya kuma zaɓi ranar kasuwar Kurfi. Mazan unguwa duk sun tafi, Hafiza ma ta bi su sayen magani. Da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Gogo ce kaɗai a tsaye, Mahmuda yana kwance a kan tabarma a gindin bedi an jingina shi da matashi.

"Gogo, ina kwana? Ya mai jiki?" Yazid ya durƙusa har ƙasa, ya cire takalmi.

"Lafiya lau, Yazidu. Jiki da sauƙi, sai godiya."

"Baƙuwa na kawo miki. Tambayoyi za ta yi, ni zan fassara. Ki faɗi abin da ke ranki kawai."

Ta shimfiɗa musu tabarma, ta dama fura. Farfesar ta ajiye waya a tsakaninsu tana ɗaukar magana, ta buɗe littafi. Ta dubi Mahmuda da tausayi, ta yi masa magana, ya motsa baki, iska kawai ta fito. Sai ta juyo ga uwar.

"Tana tambaya," in ji Yazid, "wa ya yi aikin dawar nan? Wai ki faɗi sunansa."

Gogo ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Suna? A gaban baƙi, shi kuma yana kwance yana ji? Ta ja mayafi ta rufe baki, ta dubi ƙasa. Farfesar ta jira, ta jira. Ta rubuta wani abu.

"Ta ce, ko ɗanki ne ya yi aikin, wannan da ke kwance?"

Da tambayar ta zo mata a ɗaki, ita kaɗai da Ubangijinta, ta san amsar. Amma bakinta ya riga ya saba da hanya guda tun tana amarya, kuma hanyar ya bi ba tare da ya shawarce ta ba. Ta yi 'yar dariya ta kawar da kai.

"Wa? Wancan? Me ya sani? Ai ba abin da ya iya sai ɓata gona da surutu."

Duk wata mata a Wurma da ta ji wannan ta san fassararsa: ɗana ne, kuma babu kamarsa. Yazid ma ya sani, a cikin wannan al'ada aka haife shi, uwarsa har ta mutu ba ta kira sunan yayansa ba. Ya juya ya mayar da maganar cikin Turanci, kalma bayan kalma, bai ƙara ba bai rage ba. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai a labarin nan, ko ƙarya bai wahalar da kansa ya yi ba.

"Tambaya ta ƙarshe, Gogo. Wai kin san ni? Ina zuwa gidan nan?"

"Haba, Yazidu! Wa zai ce bai san ka ba? Yaro mai ƙoƙari, mai ilimi, tun kana ƙarami kai ne na ɗaya. Gidan nan ai gidanku ne." Ɗan wani ne, yabonsa ba ya da nauyi, sai ta zuba masa shi har ya yi ambaliya.

Farfesar ta rufe littafi. Ta riƙe hannun Gogo ta yi godiya, ta sha furar ta yaba. Da motar ta tashi, Gogo ta juyo za ta kwashe kwanuka, sai idonta ya faɗa kan ɗanta. Yana kallonta. Bai taɓa kallonta ido cikin ido ba tun da ya yi wayo, shi ma yana da tasa kunyar. Yau yana kallonta, miyau na zuba ta gefen bakinsa, hannun hagu yana dukan tabarma a hankali. Ludayi ya suɓuce mata.

Da Hafiza ta dawo ta ji yadda aka yi, sai ta zube a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

"Gogo, kin kashe mu! Matar nan ba 'yar nan ba ce, ba ta san alkunya ba. Abin da kika faɗa shi za ta rubuta."

"To shi Yazidu ba zai yi mata bayani ba?"

"Shi ya kawo ta don ki faɗi hakan!"

Surukar kirki ba ta ɗaga wa uwar miji murya, amma ranar Hafiza ta ɗaga. Bayan mako uku aka amsa wa abokin aikin nan takardarsa: an bincika, mahaifiyar malamin da bakinta ta ce ba shi ba ne, an rufe magana. Maƙwabtan da suka ci moriyar irin suka ce su talakawa ne, ba su iya ja da masu mota. Mahmuda ya daina karɓar abinci daga hannun kowa sai an yi da gaske. Gogo kuwa ta rame, ta daina zuwa suna da biki. Baƙin ciki ne, ba wani abu ba, baƙin cikin wanda ya yi wa kansa da hannunsa.

Sai aka sanar da ranar ƙaddamar da irin a Dutsin-Ma. Dawar Dakta, haka aka raɗa mata. Gogo ba ta gaya wa kowa ba. Ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take zuwa idi da shi, ta taka zuwa bakin titi ta shiga motar haya. A Dutsin-Ma ta tambayi mai keke inda ake taron dawa, ya sauke ta a ƙofar wani babban ɗakin taro. Duk hanya abu ɗaya take yi, tana motsa leɓe tana gwada sunan a ɓoye. Ko a ɓoyen ma harafin farko kawai ke fita.

Ɗakin ya cika maƙil, manyan riguna a gaba, manoman da aka kwaso daga Kurfi da Kutawa a baya. Ta raɓa ta zauna cikin mata. Ga farfesar can a kan dandamali. Ga Yazid yana jawabi, yana ba da labarin yadda wata shekara ya tarar da kara ɗaya tak a tsaye a tsakiyar ƙuduji, muryarsa har rawa take. Sannan ya ɗaga wani abu sama don kowa ya gani, ya ce da irin wannan ya riƙa rufe zangarniya lokacin da ba shi da kayan aiki. Jaka ce mai ruwan bula. Gogo ta gane ɗinkinta tun daga inda take, har da inda zare ya ƙare mata ta ƙarasa da baƙi.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta ratsa tsakanin kujeru har ta kai tsakiyar ɗakin. Tafi ya lafa, aka juyo ana kallonta. Ta buɗe baki. Ta ga fuskokin mutanen garinsu, ta ga Alhaji Ja'afar, dattijon unguwarsu wanda ya halarci sunan yaron da kansa. Ta runtse ido.

"Mahmuda ne!"

Muryar ta fita a tsage, ita kanta ba ta gane ta ba.

"Mahmuda ne ya yi! Ɗana Mahmuda! Ni na ɗinka wannan jakar! Mahmuda, Mahmuda!"

Ɗakin ya yi tsit. Ta buɗe ido tana haki, ta ɗauka an ji ta. Sai Alhaji Ja'afar ya ce da ƙarfi, "Subhanallahi! Batula, ɗan farin naki?" Wata mata ta tafa hannu ta kama salati. Can baya wani saurayi ya kwashe da dariya, dariyar ta kama na kusa da shi, ta bi layi-layi har ta iso gaba. Wayoyi suka tashi sama.

Yazid bai ko girgiza ba. Ya matso da lasifika bakinsa, ya sassauta murya.

"Jama'a, don Allah a daina dariya, uwata ce. A hannunta na ci tuwo. Ɗanta abokina ne, yana kwance ba lafiya, ciwon nasa ne ya taɓa ta. Ku da kuke 'yan ƙasar nan kun sani, uwa mai cikakken hankali ba ta tsayawa gaban maza ta kira sunan ɗan farinta. Mu yi mata addu'a."

Aka ce amin, wallahi ɗaki guda aka ce amin. Har da maƙwabtan nan uku, suna kallon ƙasa. Yazid ya sunkuya ya raɗa wa farfesar wani abu cikin Turanci, ta dafe ƙirji ta girgiza kai. Mata biyu suka kama Gogo ta kafaɗa, suka ja mayafinta suka rufe mata fuska. Tana cewa, "Lafiyata lau, ku sake ni, lafiyata lau," suna cewa, "Mun sani, Gogo, sannu, mu je." Farfesar ta sauko da kanta ta danƙa mata gorar ruwa a hannu. Kafin su kai ƙofa an ci gaba da tafi.

Sai bayan la'asar ta isa Wurma. Hoton bidiyon da aka ɗauka a taron ya riga ta zuwa. Matan da ke bakin rijiya suka yi shiru da suka hango ta, wata ta janye 'yarta daga hanya. Ba wadda ta gaishe ta.

A zaure ta tsaya, don ta jiyo wata murya daga tsakar gida. Muryarta ce, tana fitowa daga wayar Hafiza. "Mahmuda ne! Ɗana Mahmuda!" Sai salati, sai dariyar nan ta ɗaki guda. Aka yi shiru. Sai ta sake tashi daga farko.

Ta leƙa ta jikin zana. Yana gindin bedi, Hafiza ta riƙe masa wayar kusa da kunne. Da ta ƙare sai ya daki tabarma da hannun hagu, Hafiza ta sake kunnawa. Idonsa a rufe, hawaye na bin karkataccen kuncin suna shiga wuyan rigarsa. Hafiza ta hango ta, ta taso ta zo da idanu jajur.

"Gogo, tun azahar aka turo. Sau nawa ke nan ban sani ba. In na kashe sai ya yi ta dukan ƙasa."

"Ba za a iya yanke dariyar ba?"

"Ban iya ba, Gogo. Tare suke."

Gogo ta dafa bango. Tana so ta san abu ɗaya: sunan yake saurare, ko dariyar da aka yi wa uwarsa saboda shi? Ba shi da bakin da zai faɗa mata, kuma ba zai sake samu ba. Taku goma ne tsakaninta da tabarmar. Ta yi niyyar ta taka su, ta durƙusa, ta faɗa masa sunan da bakinta ba tare da dariyar kowa ba. Ta buɗe baki a nan zauren don ta gwada, sai ta tarar ya koma inda yake shekara arba'in da bakwai, ya ƙi fitowa.

Daga ciki hannun ya sake dukan tabarma.

"Je ki kunna masa," in ji Gogo.